Makonni Shida Ina Neman Siginar Meteor a Cikin Hayaniyar Ɗakina

Hoton farko da na samu daga Meteor, tauraron ɗan Adam mai ɗaukar hoton yanayi, bai cancanci a kira shi hoto ba. Wani siririn zaren gajimare ne a tsakiyar allo, samansa da ƙasansa baƙi ƙirin, shi kansa zaren an yayyanka shi da baƙaƙen layuka kamar an bi shi da reza. Minti goma sha biyu na yi a tsaye ina jiran tauraron ya gama ratsa sama, abin da na tsira da shi ke nan.

Abin da ya ƙara mini haushi, ni ba baƙo ba ne a harkar. Na daɗe ina kama hotunan yanayi daga taurarin NOAA na Amurka da wannan eriyar, da wannan kebul ɗin, da wannan 'yar na'urar RTL-SDR, mai kama siginar rediyo, mai siffar filashi da ake soka wa kwamfuta. NOAA-15 da 18 da 19 tsohon tsarin APT suke bi, hoto ya zo cikin sauti, layi biyu a kowace daƙiƙa. In sigina ta yi rauni, hoton ya fito da ɗige-ɗige irin na talabijin ɗin da, amma dai za ka ga bakin teku, ka ga gajimare. Da aka kashe su ukun a 2025 sai muka koma kan na Rasha, Meteor-M N2-3 da aka harba a 2023 da N2-4 na 2024. Su tsarinsu LRPT ne, na dijital, kuma hotonsu ya fi kyau nesa ba kusa ba: kowane ɗigo kimanin kilomita 1 ne a ƙasa, na APT kuwa kimanin kilomita 4. Sai dai dijital ba ta san lallashi ba. Ko manhaja ta kama saƙon ta warware shi, ko ta bar maka baƙi. Ashe duk shekarun nan NOAA ce take rufa wa kayana asiri.

Kayan nawa ba su da yawa. Eriya mai siffar V, sanduna biyu kowanne santimita 53 da ɗoriya, kusurwar digiri 120 a tsakaninsu, a kwance, tana kallon arewa da kudu. Kebul RG-58 kusan mita 15 daga rufi zuwa ɗaki. Sai na'urar da laftof, da manhajar SatDump mai warware saƙon. Tauraron yana tafiya a nisan kimanin kilomita 820 daga ƙasa, yana zagaya duniya cikin minti 101 ko kusa da haka, kuma wucewarsa mafi tsawo wajen minti goma sha biyar ce kawai. Wannan shi ne ciwon gyaran irin wannan matsala. Mai gyaran rediyo yana murɗawa yana ji nan take. Ni kuwa in na taɓa abu, sai na jira sa'o'i kafin in san na gyara ko na ɓata, kuma wucewar da za ta zo ba irin wadda ta gabata ba ce: wannan ta bi ta tsakiyar sama, waccan ta raɓa gefe.

Abu na farko da na yi shi ne abin da kowa ke yi. Na ce sigina ba ta da ƙarfi, to a ƙara mata. Na ja ma'aunin ƙarin ƙarfi har ƙarshensa, 49.6. Allon ya yi haske, tudun siginar ya tashi, raina ya yi fari. Hoton da ya fito bai fi na jiya da komai ba. Ban tsaya na tambayi kaina dalili ba, sai na yi odar 'yar amfilifaya, irin wadda ake kira LNA, mai ɗaukar faffaɗan zango. Ta iso, na ɗaura ta a ɗaki, a bakin na'urar, don ƙyuyar hawa rufi. Wucewar da ta biyo baya ko alamar tauraron ban gani ba. Kwana biyu ina zargin an turo mini matacciya, kafin in tuna cewa wutarta ta cikin kebul take zuwa, kuma sai an kunna wannan wutar a cikin manhaja. Amfilifayar da ba a ba ta wuta ba toshe hanya take yi. Na danna wurin, volt 4.5 ya tafi, ta farka.

Farkawar tata ba ta yi mini daɗi ba. Allon ya cika da wasu tuddai masu rawa da ban taɓa gani ba a kusa da 137 MHz, inda tauraron ke watsa saƙonsa. Na saurari ɗaya, sai ga muryar mai gabatar da shiri da kiɗa a cakuɗe. Tashoshin FM suna tsakanin 88 da 108 MHz, me ya kawo su nan? Ba su zo ba, na'urar ce ta ƙirƙire su. Tashar FM tana watsa dubban watt daga 'yan kilomitoci kaɗan, amfilifayar ta ƙara musu ƙarfi tare da komai, suka cika cikin na'urar har ta fara haɗa wannan da wancan tana haifar da fatalwowi. RTL-SDR da bit 8 take auna sigina, wato matakai 256 kacal tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma. In ƙato ya shigo ya cinye matakan, ɗan ƙaramin da ya taso daga sama ba shi da wurin tsayawa. Garin neman gira na kusa rasa ido.

A nan na dakata. Na cire amfilifayar na ajiye a aljihun tebur, na ɗauko littafin rubutu, na yi wa kaina doka biyu. Abu ɗaya zan riƙa canzawa a kowace wucewa, in rubuta ranar, da iyakar tsayin da tauraron ya kai, da ta gefen da ya bi, da lambar SNR (ma'aunin tsabtar sigina) mafi girma da manhajar ta nuna. Na biyu, zan riƙa naɗar ɗanyen abin da na'urar ta ji, ba hoton kaɗai ba, don in iya sake kunna shi in duba daƙiƙar da saƙon ya yanke. Yana cin wuri, gaskiya: a samfur miliyan 1.024 cikin daƙiƙa, minti goma sha biyar na cinye kusan gigabait 1.8. Amma da shi na daina dogaro da abin da nake tsammanin na gani.

Na fara kawar da ƙananan zarge-zarge. Bayanan hanyar tauraro, layukan nan biyu da ake kira TLE, nawa sun tsufa, na sabunta su daga shafin intanet na Celestrak. Agogon kwamfuta na daidaita shi. Na tabbatar ina kan 137.9 MHz, tunda Meteor na da 137.1 ma kuma akan sauya, haka gudun saƙon akwai na 72k da na 80k, in ka zaɓi wanda ba shi ba har abada ba zai kama ba. Gocewar da gudun tauraro ke jawowa, kusan kilohaz 3 sama lokacin da yake tahowa da 3 ƙasa lokacin da yake tafiya, manhajar na bin ta da kanta. Duk waɗannan ba su canza komai ba, amma na soke su daga lissafi.

Lambar SNR ɗin nan ita ce ta juya mini tunani. Ba ƙarfin sigina take faɗa ba, tazarar da ke tsakanin sigina da hayaniyar da take zaune a kai take faɗa. Da na ja ma'auni zuwa 49.6, siginar ta tashi, hayaniyar ma ta tashi daidai da ita, tazarar na nan inda take. Kamar mutum ne yana yi maka raɗa daga nesa a ɗakin da injin ke aiki, ka ɗauko lasifika ka ƙara wa raɗar da injin murya tare. Sai kuma wani abu ya faɗo mini wanda ya kamata in gane tun makon farko: tauraro minti goma sha biyar yake yi, amma hayaniya tana nan dare da rana. Ba sai na jira kowa ba kafin in auna ta.

Na cire kebul daga na'urar, na toshe bakinta da ɗan murfi mai rizisto na om 50, na sa ma'auni a tsakiya, na rubuta inda layin hayaniya ya kwanta. Wannan ita ce hayaniyar na'urar ita kaɗai. Na mayar da kebul. Layin ya yi tsalle sama da desibel goma sha wani abu. Ɗan tashi kaɗan daidai ne, alama ce eriya na ji. Amma desibel 10 ninki goma ne na ƙarfi. Wani abu a kusa yana ihu a kunnen eriyata.

Yadda na kama shi ba dabarata ba ce. Ina zaune ina kallon layin, ƙanena ya leƙo da wayarsa a hannu.

"Yaya, in zare wannan cajar? Wayata ta kusa mutuwa, kuma soket ɗin nan ne kawai babu kowa a kai sai ita."

Ban ko ɗago ba na ce ya zare. Yana zarewa, layin ya faɗo ƙasa kamar an tsinke igiyar da ke riƙe da shi, allon da ke ruwan ɗorawa ya koma shuɗi mai duhu.

"Tsaya! Mayar da ita."

"Yaya, kai fa ka ce in zare."

"Mayar dai, ƙanena, yanzu za ka samu."

Ya mayar, layin ya tashi. Ya zare, ya faɗo. Sau biyar na sa shi yana yi, yana kallona kamar na zautu. Cajar laftof ɗina ce, wadda na saya bayan ta asalin ta ƙone, marar suna, marar nauyi kamar babu komai a cikinta. Irin waɗannan cajojin ba su da babban tiransifoma irin na da. Wutar suke kunnawa suna kashewa sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, kuma kowace kunnawa tana fesa ɓurɓushin hayaniya har can sama cikin zangon rediyo. Mai kyau tana da abubuwan tacewa a ciki, ta banza kuwa an yi tsimin su. Hayaniyar ta bi wayar caja ta shiga laftof, ta bi USB ta shiga na'urar, ta hau bayan kebul ɗina har rufi, eriya ta tsince ta ta dawo mini da ita. Duk makonnin nan ina ɗaga kai ina zargin sama, ɓarawon yana ƙarƙashin tebur.

Da na ɗanɗana, sai na bi gidan gaba ɗaya. Laftof a kan batir, na kashe babban makunnin wuta, na rubuta inda layin ya tsaya, sannan na riƙa mayar da layukan wutar ɗaya bayan ɗaya. Firji bai yi komai ba. Fanka ma haka. Ƙwan LED guda biyu na baranda, su ne na biyu a laifi, kuma da ma da dare na fi shan wahala, lokacin da suke kunne. Sai kebul ɗin HDMI da ke kai hoto babban allo, shi ma yana da 'yan ƙayoyinsa, masu tsayuwa cak ba sa motsi. Na sauya ƙwayayen, allon kuwa zare shi nake yi in tauraro zai wuce. Na sa wa wayar USB zoben ferait a kowane ƙarshe, na sa wasu a kan kebul daidai gindin eriya don su tare abin da ke hawowa ta bayansa, na kuma nisanta na'urar daga jikin laftof.

Daren da na gwada, abin da na fara gani ba hoto ba ne. A cikin SatDump akwai wani ɗan akwati da ke zana yadda saƙon yake shigowa. Duk makonnin baya, abin da ke cikinsa kamar an watsa yashi ne a faranti. Ran nan, tauraron na hawa, sai yashin ya fara jan jiki yana rabuwa, ya taru gida huɗu, kowanne a kusurwarsa. Alamun kamawa suka koma kore. Na samu kusan rabin wucewar. Ban yi barci da wuri ba.

Rabi dai rabi ne. Farko da ƙarshen wucewa har yanzu baƙi, kuma wannan yana da dalilinsa na lissafi: in tauraron yana tsakar ka, kilomita 820 ne tsakaninku, in yana bakin sararin sama kuwa ya kai kimanin 3,300. Nisa ninki huɗu, ƙarfi ya ragu ninki goma sha shida, wato desibel 12. Ga kuma eriyar V da ke asarar kusan desibel 3 tun daga farko, domin siginar tauraron murɗawa take yi tana juyawa dama, eriyar kuwa a miƙe take ji. Ba ni da rarar da zan yi wasa da ita, don haka na juya kan kebul.

RG-58 ko sabo ne yana shan kusan desibel 2 a kowace mita 10 a wannan zangon, mita 15 ɗina ke nan sun kusa cinye rabin abin da eriya ta kamo. Nawa kuma ba sabo ba ne. Na hau rufi na warware tef ɗin da na naɗe mahaɗin da shi shekarun baya. Yana buɗewa ruwa ya ɗigo mini a tafin hannu, 'yan ɗigo uku masu launin kore. Zaren jan ƙarfen da ke lulluɓe da cikin kebul ɗin ya yi baƙi, ina taɓa shi yana marmashewa. Na yanka taƙi guda na fere, baƙi. Na ƙara yanka, baƙi. Sai da na ci fiye da mita ɗaya kafin in ga jan ƙarfe mai sheƙi. Ruwa in ya samu ƙofa, zaren nan yake bi kamar lagwani yana tafiya ciki. Abin takaici, maltimita ba ta taɓa nuna mini wannan ba. Na sha gwadawa, tana cewa layi a haɗe yake, babu inda ya taɓa juna, kuma gaskiya ta faɗa, don ita wutar batir take turawa, ba ta san abin da sigina mai kaɗawa sau miliyan 137 a daƙiƙa ke gamuwa da shi ba.

Ban yi wa tsohon kebul ɗin faci ba. Na sa sabo, na rage tsawonsa, na like mahaɗin da dalma a natse, na naɗe shi da tef ɗin roba mai narkewa ya haɗe da kansa, na kuma bar masa ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ya shiga bango don ruwan sama ya ɗige a can.

Sai a lokacin na koma aljihun tebur. Amfilifayar ba ta da laifi, ni na ajiye ta inda ba ta da amfani. Abin da kebul ya riga ya cinye ba ya dawowa, in ka ƙara ƙarfi a ƙarshensa ragowar kake ƙarawa tare da hayaniya. Wurinta gindin eriya ne, kafin asarar ta fara. Na kai ta can cikin ɗan akwatin roba, na sa mata filta mai tare zangon FM a gabanta. Filtar ma tana ɗan cin nata, amma da ita fatalwowin suka ɓace. Ma'aunin ƙarin ƙarfi kuma na bi shi daga ƙasa, mataki-mataki, ina kallon SNR ba tsayin tudu ba. Akwai inda lambar ta daina hawa, in ka wuce nan ma sai ta fara sauka. Wurin ya yi ƙasa da rabin inda na fara ajiye shi a makon farko.

Na ɗauka an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba, kuma wannan ta ƙarshen ita ta fi ɗaure mini kai. Wucewar da ke bin gefe, mai tsayin digiri 40 ko 50 daga bakin sararin sama, tana fitowa tsaf. Wadda na fi ɗoki kuwa, mai bi ta tsakar kai, sai ta zo da baƙin ɗamara a tsakiyarta, daidai lokacin da tauraron ya fi kusa da ni. Na koma littafina, na sake kunna naɗe-naɗen. Sau uku abin ya faru, kuma duk ukun SNR na hawa lafiya har wajen digiri 60, sai ta zube, ta sake tashi bayan ya gangara ɗaya gefen. Na zargi zafin na'ura, na zargi cikar ƙarfi, na rage ma'auni, ɗamarar na nan.

Tef ɗin awo ne ya warware ta. Lokacin da na sauya kebul na ɗaga eriyar a kan sabon sanda, don a tunanina duk abin da ya fi tsayi ya fi ji. Na auna daga sandunan zuwa rufin ƙarfen da ke ƙarƙashinsu: mita ɗaya da santimita kaɗan. Tsawon zangon sigina a 137.9 MHz kusan mita 2.17 ne, rabinsa kuwa mita 1.09. Siginar da ta sauko daga tsakar sama kashi biyu take isowa: wadda ta faɗo kan eriya kai tsaye, da wadda ta wuce ta bugi rufi ta dawo. Bugun ƙarfen yana juya ta, kuma in eriya tana rabin zango daga rufin, zuwa da dawowar sun cika zango guda cur, sai ta iso a kife ta kashe 'yar'uwarta. A rubu'in zango kuwa, wajen santimita 54, haɗuwa suke yi su ƙarfafa juna. Da hannuna na ɗora eriyar a wurin da ya fi kowane muni, ina ganin gyara na yi.

Na sassauta ƙusa, na zuge sandan ƙasa zuwa rabin mita da ɗan kai, na ɗaure. Aikin bai kai minti biyu ba.

Washegari da safe aka yi wucewa mai digiri 80 da wani abu. Laftof a kan batir, babban allo a zare, ƙanena na tsaye a bayana don yanzu shi ma abin ya shiga ransa. Gida huɗun nan suka taru tun tauraron bai kai digiri 15 ba, suka matse suka zama ƙananan dunƙule, ba su watse ba har ya haye tsakar kai ya fara gangarawa. Da manhajar ta gama haɗawa, hoton ya zo dogo, na yi ta ja ƙasa bai ƙare ba: bakin teku kamar an zana da alƙalami, koguna, inuwar gajimare a kan ƙasa.

"Yaya, wannan baƙin na ƙarshe fa?"

Ya nuna gindin hoton, inda layuka suka fara yayyankewa kafin lokacinsu. Na san shi. Dogon ginin da ke kudu da mu ne, yana tare tauraron tun yana wajen digiri 25, kuma babu filta ko ferait da zai ratsa siminti. Akwai wani lungu a ɗaya ƙarshen rufin da nake ganin ya kauce masa, sai dai zai ƙara mini mita shida na kebul. Na rubuta shi a littafin a ƙarƙashin ranar, na sa alamar tambaya, na duba jadawali: wucewa ta gaba mai bi ta kudu sosai sai jibi da dare.